Wane Suna Za Mu Raɗa wa Kyanwoyin Dajinmu?

Anti Mai Labari (Birnin Kudu):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Kafin mu buɗe sabon zagayen wasan labarinmu ranar Juma'a, akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Jiya bayan isha'i na zauna na tattara sunayen kyanwoyin da kowa zai zama bakinsu, mutum 14, sai na tarar an yi gamin gambiza. Akwai Harsashi, akwai Gimbiya Zinariya, akwai Blak Taiga, akwai Usman, ga Marka ga Marke, sannan ga wata Farcen-Dare. Kun dai san inda muka kafa labarin nan: kyanwoyin daji gida uku, na Dutse da na Fadama da na Kurmi, waɗanda fari ya tilasta musu haɗuwa a bakin rafi guda. To ku gaya mini, kyanwar da aka haifa a kogon dutse, wadda ba ta taɓa ganin mutum ba sai daga nesa, a ina ta ji Turanci? A ina ta ga zinariya? Ban soke sunan kowa ba. So nake mu baje maganar a faifai kowa ya faɗi hujjarsa, don suna linzami ne, kuma wata uku za mu yi muna kiran waɗannan sunaye kullum dare.

Autan Mama (Sumaila):
Wa alaikumus salam Anti. Ni ne mai Harsashi. Muzuruna shi ne mafi gudu a gidan Kurmi, in ya zabura ba a ganinsa sai dai a ga ƙura. Me ya fi harsashi sauri? Ni dai ban ga laifin sunan ba gaskiya.

Ɗan Maharbi (Tudun Wada):
Auta ƙanena, bari in tambaye ka. Wa ya raɗa masa sunan a cikin labarin? Uwarsa ce ko? To uwar nan abin da ta sani game da bindiga shi ne ƙara da warin albarushi, da 'yar uwarta da ta fita farauta ba ta dawo ba. Kana ganin za ta dubi ɗanta ta kira shi da sunan abin da ya kashe danginta?

Ni babana maharbi ne, tun ina ƙarami nake bin sa gefen dajin Falgore, kuma na ga kyanwar daji da idona sau da dama, yawanci da magariba ko goshin asuba. Wanda bai sani ba zai ce magen gida ce ta ɓata. Amma in ka lura ƙafafunta sun fi tsawo, in ta zauna sai ka ga ta miƙe ƙyam kamar mai jiran sarki. Jikinta launin ƙasa ne mai toka-toka, bayan kunnuwanta ja-ja, wutsiyarta da zobba baƙaƙe, ƙarshenta baƙi. Abincinta ɓera da gafiya ƙanana da tsuntsaye da ƙadangare, in ta samu sarari ta shigo gefen gari ta ɗauke kaza. Duniyarta ke nan: ciyawa, iska, ƙaya, tsuntsu, ruwa, dare. In sauri kake nema, tana ganin walƙiya, tana ganin shaho in ya kawo sura, tana ganin guguwa. Daga nan ya kamata sunan ya fito.

Autan Mama (Sumaila):
Na ji wannan Yaya. Amma Walƙiya da Guguwa ai kamar na mata ne, Shaho kuma wani ya riga ya ɗauka a zagayen da ya wuce.

Malam Na Ringim:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa, bari in sa baki, don Hausa nake koyarwa a ƙaramar sakandare kuma wannan batu yana cikin abin da nake so ƙwarai.

Auta, ba sai ka tsaya neman wani abu mai sauri ka ari sunansa ba. Hausa tana da injin ƙera suna a cikinta. Dubi Nomau, wanda aka haifa lokacin noma. Dubi Shekarau, wanda ya daɗe a ciki. Dubi Sallau, Tunau, Jatau, Gagarau. Ɗauko aiki ko hali, ka liƙa masa "au" a ƙarshe, ka sami suna namiji wanda duk Bahaushe zai ji ya zauna masa a kunne ko da bai taɓa jin sa ba. Kai da bakinka ka ce in ya zabura ba a ganinsa. To ga Zaburau. Mai sanɗa a kira shi Laɓaɓau, mai saurin kai farce Yakusau, wanda ba ya barin abin da ya kama Damƙau.

Autan Mama (Sumaila):
Zaburau! Allah ya gafarta Malam, wallahi ya fi Harsashi daɗi. Anti a canza mini.

'Yar Fadama (Kirikasamma):
Ni ce mai Marka, kuma ina roƙo a bar mini sunana. Ba haka kawai na zaɓa ba. Mu nan yankin Baturiya in marka ta kankama a watan Agusta, ruwa yakan kwana uku bai ɗauke ba, fadama ta cika ta haɗe da gonaki, ciyawar kachala ta toshe hanyar kwalekwale. Kyanwata a irin wannan daren aka haife ta, a kan wani ɗan tudu da ruwa ya zagaye, uwarta ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a baki, tawa kaɗai ta rayu a cikinsu. Mutane ma ai haka suke raɗa suna, ga Anaruwa ga Damina. Na riga na rubuta wannan tarihin nata shafi biyu a littafin makarantata.

Bahagon Gwaram:
Ni kuma nawa Marke ne, saboda muzuru ne tsoho mai taurin kai, icen marke kuwa kowa ya san yadda gatari yake shan wahala a kansa. Ban san akwai Marka ba sai yanzu.

Anti Mai Labari (Birnin Kudu):
Duka sunayen biyu masu kyau ne, matsalar wasali ɗaya ne ya raba su. Ku tuna yawancinmu da ƙaramar waya muke rubutu, da daddare, wani gilashin wayarsa a fashe. A tsakiyar faɗa wani ya rubuta "Marke ta faɗa ruwa", ba mu san kuskuren yatsa ne ko tsohon ne ya faɗa ba. Ɗaya ya haƙura.

Bahagon Gwaram:
Tunda ƙanwata ta riga ta cika shafi biyu, ni zan sauka. A sa mini Kirya. Ita ma maƙera sun san ta, gawayinta suke nema saboda ƙarfinsa.

'Yar Fadama (Kirikasamma):
Na gode Yaya, Allah ya bar zumunci.

Malam Na Ringim:
Tunda an zo nan, akwai wani tarkon da ya fi wannan. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, kuma da yawanku ba ku da haruffa masu lanƙwasa a waya. Wanda ya sa wa muzurunsa Baƙi, gobe za a rubuta Baki, mai karatu ya rasa launi ake nufi ko bakin cin abinci ko baƙin da suka zo daga tafiya. Fari ma haka, ga launi ga rashin ruwan sama, alhali labarinmu gaba ɗaya a kan fari yake. Kuka kuwa ko itace ko hawaye. Kafin ka tsayar da suna, rubuta shi ba lanƙwasa ka duba ko ya koma wani abu.

Ummi 'Yar Makaranta (Dutse):
Malam ni kuwa da gangan zan so wani ya ɗauki Kuka. Kyanwar da aka haifa a kogon kuka ranar da uwarta ta mutu, ka ga sunan ya ɗauki ma'ana biyu duka.

Amma ni ce mai Farcen-Dare, kuma ina so a saurare ni kafin a yanke. Na shekara biyu ina irin wannan wasan da Turanci tare da 'yan Amurka da Ingila, a can na koya, ni ce ma na kawo wa Anti shawarar mu yi namu. Su tsarinsu kalma biyu ake haɗawa: ta farko daga abin da ke daji, ta biyu daga jiki ko halin kyanwar. Kuma sunan yana sauyawa, jaririya da nata, mai koyon farauta da nata, in ta zama jaruma a yi taro a ba ta cikakken suna. Daɗin wasan a nan yake. Mutum yakan yi wata biyu yana jiran ranar da za a sauya masa suna. In muka ce kowa ya ɗauki kalma ɗaya ya zauna da ita har ƙarshe, mun zubar da abin da ya fi komai armashi.

Bahagon Gwaram:
Ummi, batun sauya suna ina bayanki ɗari bisa ɗari. Amma ba sai mun je Amurka aro ba, je ki filin dambe bayan kaka ki gani. Yaro yana fara shiga fili ba wanda ya san sunansa na yanka. Da sunan ubangidansa ake kiransa: Shagon wane, Autan wane, in da hagu yake naushi Bahagon wane, in dogo ne Dogon wane. Ran da ya yi kisan da ya girgiza fili, makaɗa su ba shi nasa kirarin, daga nan kuma wasu yara su fara jingina da sunansa. Wannan ai shi ne matakai ukun da kike faɗa, kuma namu ne tun kaka da kakanni. A wasanmu mai koyon farauta a hannun Kirya sai a kira shi Shagon Kirya, ko Ta-Kirya in mace ce. Duk wanda ya ga sunan ya san a hannun wa take, ba sai an koma sama ana neman bayani ba.

Ummi 'Yar Makaranta (Dutse):
Wannan ya yi mini, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma cikakken sunan fa? Me ya hana Farcen-Dare?

Malam Na Ringim:
Ba haramun ba ne ɗiyata, nahawunsa daidai yake. Sai dai ki faɗe shi da ƙarfi ki ji. Kira shi kamar kina kiran wani daga nesa. Za ki ji kamar sunan magani a bakin mai tallar gargajiya, ko taken fim, bai yi kama da abin da uwa za ta ƙwala wa kira ba. Dalili shi ne an ɗauko ƙirar wani harshe an zuba mata kalmomin Hausa.

Mu in za mu haɗa kalma biyu mu yi laƙabi, aikatau muke sakawa gaba. Ƙi-gudu. Ci-gari. Sha-kallo. Gagara-badau. Ko kirarin damisa da kowa ya sani, ƙi-sabo, dubi yadda kalma biyu suka gama bayanin dabbar nan kaf. Laƙabin Bahaushe labari yake bayarwa na abin da mai shi ya yi ko ya ƙi yi. To kyanwarki me ta yi? In da dare take farauta ba ta tsoron duhu, ga Keta-duhu, ga Sha-dare. In ita ce ta tsallake rafi ranar ambaliya, Raba-ruwa. Ga kuma hanyar "mai": Mai-zobe saboda wutsiya, Mai-tabo, Mai-jan-kunne. Ga ta "na" da "ta", irin su Tasalla da Tanoma, sai mu ce Ta-hantsi, Na-marka.

Ummi 'Yar Makaranta (Dutse):
Keta-duhu ya shiga raina. Amma Malam ina nan a kan cewa wanda ya so haɗa suna biyu a bar shi, in dai ya yi daɗin faɗa. Idon-Mikiya ai ba wanda zai ce ba Hausa ba ne.

Malam Na Ringim:
Na yarda da wannan, Idon-Mikiya ya zauna. Kunne ne alƙali.

Sabon Shiga (Gaya):
Ku yi haƙuri ban san ƙa'ida ba, ni ne na rubuta Usman. Sunan wana ne da ya rasu bara, shi ya saba kiwon maguna a gidanmu, na so in riƙa tuna shi.

Gardi (Kafin Hausa):
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗan'uwa niyyarka mai kyau ce, kuma ba wanda zai ce raɗa wa dabba suna laifi ne. Taguwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sunanta Ƙaswa'u, alfadarinsa kuma Duldul. Mage kuwa tana da matsayi, babban sahabin nan da ya fi kowa ruwaito hadisi da laƙabin 'yar kyanwa aka san shi, Abu Huraira, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure ba ci ba sha. Abin da nake jiye mana shi ne wasan nan akwai faɗa a ciki, akwai zagi, akwai sata. Gobe wani zai rubuta cewa wane ɓarawo ne matsoraci, an yakushe shi an kore shi, alhali sunan na sahabi ne, kuma na ɗan'uwanka ne da ke kabari. Kai da kanka ba za ka iya karantawa ba. Shawarata sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzo, da duk sunan da aka jingina ga Allah, a ajiye su gefe.

Amaryar Bana (Kazaure):
Amma kakata in tana mana tatsuniya, kura Amina take ce mata.

Gardi (Kafin Hausa):
Na ji tsofaffi suna faɗin haka nima. Wannan mun tarar da shi ne, ba mu muka ƙirƙira ba. Wanda za mu ƙirƙira da hannunmu yau shi muke da iko a kai.

Sabon Shiga (Gaya):
Gaskiya ne, ban hango nan ba. Yayana yana da wani muzuru mai yatsu shida a ƙafar gaba, yana ce masa Cindo. Zan iya ɗaukar wannan?

Ɗan Maharbi (Tudun Wada):
Sosai ma. Mage yatsu biyar gare ta a kowace ƙafar gaba, huɗu a ta baya, 18 ke nan, amma akan sami mai ƙari kamar yadda ake samu a mutane. Kuma ka ba mu abin labari: sawun Cindo daban yake a kan laka, duk inda ya taka za a gane shi. Ranar da aka yi ɓarna a gidan Fadama aka ga sawu mai yatsa shida, ka ga rigima ta tashi.

Anti Mai Labari (Birnin Kudu):
Cindo ya karɓu, kuma Allah ya kai rahama kabarin mai shi na asali.

Maganar Gardi ta tuna mini abin da ya wargaza mana zagayen farko, sababbi ba su sani ba. Wani ya ƙirƙiro muzuru maƙaryaci mai kwaɗayi, ya sa masa laƙabin da ake kiran mahaifin wata 'yar wasanmu da shi a garinsu. Mu ba mu sani ba, muna ta dariya muna ƙara masa gishiri har sati biyu. Yarinyar nan ta yi shiru ta fita, sai daga baya ƙawarta ta kira ni tana gaya mini cewa kuka take yi kullum. Har gidansu na je ba da haƙuri, ba ta dawo ba har yau, kuma ita ce ta fi mu duka iya rubutu. Abin yana ci mini rai. Saboda haka wannan ba shawara ba ce, doka ce: ba sunan mutumin da aka sani, ba laƙabinsa, ba sunan gari ko ƙabila a kan mugun hali. Wanda yake da habaici ya kai shi wani wuri.

Amaryar Bana (Kazaure):
Allah ya kyauta. To a zo kan tawa, Gimbiya Zinariya. Na ga tun ɗazu ana ta kawo Zaburau, Damƙau, Shagon wane, Ƙi-gudu, duk na maza. Filin dambe ai ba mata a ciki. Mu da muke son kyanwa mace mai kyau da kwarjini me aka bar mana? Ladi da Talatu? Kyanwa ta san ranar Talata ne? In an hana ni zinariya don ba ta san ta ba, sai a hana sunan rana ma.

Malam Na Ringim:
Kin kama mu a nan, kuma kin yi gaskiya a duka biyun. Sunan rana na masu kasuwa da Juma'a ne, kyanwa ba ta ƙirga kwana bakwai. Ita lokacinta hantsi ne da la'asar da almuru, farin wata da duhun wata, bazara da damina da kaka da hunturu. Batun mata kuma, gaskiya kirarin jarumta da muka gada ya fi karkata ga maza. Amma daji bai yi mana rowa ba, mafi yawan itatuwanmu sunan mace gare su: Tsamiya, Kanya, Magarya, Aduwa, Giginya, Goriba. Ga Raɓa. Ga Zara, wadda ake ce wa matar wata.

'Yar Fadama (Kirikasamma):
Anti Amarya, wane launi ce kyanwar taki?

Amaryar Bana (Kazaure):
Rawaya-rawaya mai haske, shi ya sa na ce zinariya.

'Yar Fadama (Kirikasamma):
To ai Ɗorawa ce! Mu da muke cewa ruwan ɗorawa. Kuma itace ne babba mai inuwa, ga kalwa ga garin da yara ke rububi, ba a sare shi a gona. In kuma mai faɗa kike so, wadda in ta kama ba ta saki, ki ce Ƙarangiya.

Amaryar Bana (Kazaure):
Ɗorawa ba laifi. Amma Gimbiyar fa? Ita ba zan bari ba.

Ɗan Maharbi (Tudun Wada):
Ni a nan nake da magana, kuma ta shafi wasan gaba ɗaya. Kyanwar daji ba ta da sarki balle gimbiya. Ita kaɗai take yawo, kowace da yankinta da take yi wa alama da fitsari, ba sa haɗuwa sai lokacin barbara. Ciki wata biyu da 'yan kwanaki, ta haifi biyu ko uku ko fiye, ta raine su ita kaɗai, su girma su watse. Damisa ma haka, rabbi mai dogayen ƙafafu da ɗigo-ɗigo ma haka. A dangin kyanwa zaki ne aka sani da zaman gida guda, shi ma a ƙasar nan ya ƙare sai ɗan abin da ya rage a Yankari da Kainji. Kuma a gidan zaki, zakanyu ne 'yan gida na dindindin, su ne ke yawancin farauta, namiji zuwa yake yi a kore shi wani ya zo. Don haka in ma za a yi mulki a labarin nan, a hannun mata ya fi dacewa ya kasance.

Ummi 'Yar Makaranta (Dutse):
Yaya, labari ne fa. Gizo ma ai ba ya auren Ƙoƙi a zahiri, kuma ba ya zuwa fadar sarki. Fari ne ya haɗa su dole, shi ne ma dalilin da zaman yake musu wuya.

Ɗan Maharbi (Tudun Wada):
Ban ce a rushe ba ƙanwata. Cewa nake tunda zaman tare baƙon abu ne a wurinsu, kada a haifi kowa da sarauta. Wanda ya ciyar da gida ranar yunwa shi za a bi.

Bahagon Gwaram:
To a yi haka: sarauta a cikin wasa ake cin ta. Kowane gida da Magajiya, sai Barde mai tsaron iyaka, sai Sarkin Dawa mai jagorar farauta. Amarya ta shigo a Ɗorawa, in ta yi abin a zo a gani mu da kanmu za mu naɗa ta Magajiya Ɗorawa. Hakan ma ya fi gimbiya nauyi, don gimbiya gado ne kawai.

Amaryar Bana (Kazaure):
Har yanzu ina ganin kun fi sassauta wa na maza. Amma na karɓa, kuma ku shirya, kafin wata ya mutu sai na hau kujerar nan.

Anti Mai Labari (Birnin Kudu):
Muna jira. Ga wani abu da ya zo mini yanzu. Jaririn mage da ido a rufe ake haifarsa, sai bayan kwana bakwai zuwa goma yake buɗewa. Mu kuma ranar bakwai muke suna. Me zai hana a al'adar kyanwoyinmu ranar buɗe ido ita ce ranar suna, kuma a duba yadda aka haife shi ko abin da ya fara gani? Wanda ya fito ƙarshe Auta. Wanda ya tashi maraya Talle. Wanda 'yan uwansa suka yi ta mutuwa kafin shi Ajuji, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Gardi (Kafin Hausa):
Ya yi kyau. Gambo ne dai ba zai yiwu ba, tunda kusan kowace haihuwa tagwaye ce ko fiye.

Na Bakin Dutse (Doguwa):
Salam, ku gafarce ni, garinmu sai na hau tudu nake samun sabis, yanzu na gama karanta komai. Ni ne mai Blak Taiga. Na ga an yi ta magana ba a taɓo nawa ba, na san dai ba zai tsira ba. Abin da nake so shi ne muzuru baƙi wuluk wanda ake tsoro, ba ya magana da yawa, ba a san gidan da ya fito ba.

Ɗan Maharbi (Tudun Wada):
Sannu da hawa tudu ɗan'uwa. Waccan dabbar mai zane tsaye-tsaye ta Asiya ce, Indiya ta fi yawa, ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba. Tamu damisar mai roɗi-roɗi ce. Amma baƙin muzuru a daji yana da bayani mai kyau: kyanwar daji ita ce asalin magen gida, an fara sabo da ita wajen shekara 10,000 da suka wuce a Gabas ta Tsakiya lokacin da mutane suka fara tara hatsi ɓeraye suka biyo, kuma har yau suna barbara da juna a gefen ƙauyuka. Ka ga naka sai ya zama ubansa na daji, uwarsa baƙar magen gida. Shi ya sa launinsa ya fita daban, shi ya sa ba ya faɗin inda ya fito.

Na Bakin Dutse (Doguwa):
Kai, wannan ya ba ni labari cikakke. To tunda ya taɓa zama kusa da mutane, ya san murhu. Zan iya kiransa Gawayi?

Malam Na Ringim:
Shi kaɗai a cikinsu yake da hujjar wannan sunan, kuma sauran kyanwoyin ba za su san ma'anarsa ba sai ranar da asirinsa ya tonu. Kada ka gaya musu da wuri.

Anti Mai Labari (Birnin Kudu):
Na rubuta Gawayi. Sauran waɗanda ba su yi magana ba, ku duba naku ku turo mini gyara kafin azahar ɗin Alhamis. Juma'a bayan isha'i za mu buɗe da daren da Marka ta tsinci jariri a cikin kachala, idonsa a rufe, ba uwa a kusa.

'Yar Fadama (Kirikasamma):
Anti kada kowa ya sa masa suna tukuna don Allah. A bar shi sai dare na bakwai na wasan, mu ga abin da zai fara buɗe ido a kai. Kuma Kirya nake so ya raɗa, tunda shi ne babba.

Bahagon Gwaram:
Na karɓa. Ki dai kula da shi ya kai ranar, sanyin fadamar nan taku ba ya wasa da jarirai.